Inda Gwaggo Marka Ta Nuna

Ina da wata 'yar matsala wadda matata Ummu Hani ta gaji da yi mini magana a kanta: idan na ji sabon abu, ba ya iya zama a cikina, sai na sami wanda zan juye wa. Koyarwa nake yi a wata sakandare a Gwarzo, saboda haka a ranakun aiki ɗalibai ne ke shan wahalar, tunda ba su da hanyar gudu. Ranar Asabar kuwa sai 'yan'uwa.

Abin da na ji a wannan karon daga Ingila ya zo. Ƙanen Ummu Hani, Badruddeen, aikin jinya yake yi a can, shi ya turo mini bidiyon wani ƙauye da suka ratsa. Ƙauyen ma bai kai a kira shi ƙauye ba, 'yan gidaje ne da siririn titi, ba kowa a waje. A bayan gidajen akwai wani fili kore shar, ƙasarsa tudu da kwari kamar an shimfiɗa bargo a kan tarkace, tumaki na kiwo a kai. Badruddeen yana magana iska tana kwashe masa murya. Wai gari guda ne a wurin shekaru aru-aru da suka wuce, mutanen suka watse, gidajen suka koma ƙasa. Wancan dogon kwarin hanyarsu ce, tuddan nan kuma gidaje. An kafa allo an rubuta tarihin wurin, kuma wai ba a yarda kowa ya haƙa ba.

"Yaya Lukuman, wallahi kufanku na tuna," in ji shi.

Mu 'yan Gidan Datti ne, wani ƙauye a ƙasar Kutama wanda in ka yi atishawa a farkonsa daga ƙarshensa za a yi maka addu'a. Gabas da shi akwai kufai, inda tsohon garin yake kafin a tashi. Abin da ya tashi mutanen kuwa ya danganta da tsohon da ka tambaya. Wani ya ce rijiya ce ta ƙafe, wani ya ce agana ce, wani ya ce hanyar mota ce ta bi ta wani waje mutane suka bi ta. Yawancinsu Gwarzo da Kabo suka nufa. Kakanmu Datti, da yake ba mai son tafiya mai nisa ba ne, ya ɗan matsa yamma ya sake gini. Abin da ya rage a kufan sai kukoki, da tuddai inda ɗakuna suka narke, da tsingaro ko'ina ka taka, da wani dutsen niƙa da ya nutse rabi a ƙasa.

Kufan nan kuma shi ne gonar yayana Bashari. Ƙasarsa baƙa ce wuluk, saboda tokar murhu da kashin awakin mutanen da suka zauna a kai tun kakannin kakanni. Ba ta neman takin zamani. Ita ke ciyar da gidan Bashari daga kaka zuwa kaka, har da ni in za a faɗi gaskiya, don ban taɓa komawa Gwarzo bayan babur ɗina ba kaya ba.

Na isa Gidan Datti da bazara, an gama sharar gona ana jiran ruwa. Na tarar da Bashari a tsakar gida yana gyaran igiyar shanun huɗarsa. Muka gaisa, ya gida ya yara ya zafi, ban ma bari gaisuwar ta kai ƙarshe ba na zaro waya.

"Yaya, dubi yadda mutane ke girmama tarihinsu. Mu kuwa garma muke sa wa namu."

Ya karɓa, ya nisanta ta da fuskarsa, ya kalla har ƙarshe.

"Tumakin nan na gwamnati ne?"

"Na manomi ne mana."

"To ai shi ma ci yake yi a wurin." Ya miƙo mini wayar. "Amma fa suna da ƙiba."

Da na bar maganar a nan, da shi ke nan. Sai dai Gwaggo Marka tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗar iri. Yayar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa a kufai, kuma tun rasuwar mijinta take zaune wurin Bashari.

"Me kuke kallo kuka ware ni?"

Na durƙusa na nuna mata. Idonta ya yi rauni, ta kawo wayar dab da hancinta, ta daɗe tana kallo. Can ta ɗago.

"Wane mara kunyar ne ya saki tumaki a kan Innarmu?"

Na shiga yi mata bayani cewa ba kufanmu ba ne, wata ƙasa ce can bayan teku. Ta ce ko ma ina ne. Ta ce mahaifiyarta tana kwance a kufai.

"Gwaggo," in ji Bashari, "makabartar tsohon gari ai tana can kan hanyar Kutama. Baba ya nuna mana."

"Ubanku yana shan nono a lokacin, me ya sani? Shekarar agana ce, ba mai ɗaukar gawa ya yi nisa da ita. A bayan ɗakinta aka sa ta."

"Amma ba ki taɓa faɗa ba."

"Wa ya taɓa tambayata?" Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Tunda yau Allah Ya kawo maganar, ku ji da kyau. In na mutu, kusa da ita za ku sa ni."

"In sha Allahu, Gwaggo, an gama," na ce.

Sai da na faɗa sannan na dubi Bashari. Ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Gwaggo ba ta hawa babur, ta ce ba ta shirya mutuwa a kan ƙarfe ba. Saboda haka da safe Bashari ya ɗaura wa shanunsa amalanke, aka shimfiɗa mata tabarma da matashi, muka nufi kufai. Limamin ƙauyen, Malam Abdulbasit, ya biyo mu da carbinsa, don ni na roƙe shi ya zo ya zama shaida. Har da wannan ma ni na yi.

Ta ce daga ƙofar ɗakin Innarsu ana hango kuka. Kukoki a kufai sun fi gidajen Gidan Datti yawa, kuma ba inda za ka tsaya ba ka hango ɗaya ba. Muka yi ta zagaye da ita cikin rana, shanu na huci, ni kuma ina ɗaukar tsingaro ina duddubawa kamar na san abin da nake nema. Daga ƙarshe ta ɗaga sanda ta nuna wani tudu a gefen gonar ta arewa.

"Nan ne."

"Kin tabbata, Gwaggo?" in ji Bashari.

"Uwarka ce ko tawa?"

Malam Abdulbasit ya ce idan dattijuwa mai hankalinta ta shaida akwai kabarin Musulma a wuri, barinsa ya fi. Muka yi addu'a muka shafa. Bashari ya saro ƙayar magarya ya kewaye wurin. Bai kai faɗin zaure biyu ba, kuma gefe ne, ƙasarsa ma da ɗan tsakuwa. Na koma Gwarzo ina jin kaina wani babba. Har na ba ɗalibai labarin a aji, na ce musu al'ummar da ba ta san inda kakanninta suke kwance ba tana cikin hasara. Suka rubuta, suna tsammanin zai fito a jarrabawa.

Bayan ruwan shuka ya sauka, Bashari ya kira ni a waya.

"Gwaggonka ta ce ba nan ba ne."

Ita ce Gwaggonmu tun muna yara, amma daga ranar ta zama tawa.

Abin da ya faru shi ne, da ta ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan, sai ta tuna cewa in an yi ruwa yakan taru a ƙofar gidansu har su yi wasa a ciki. Gidan da ruwa ke taruwa a ƙofarsa kuwa ba zai zama a kan tudun arewa ba. Aka sake ɗaura amalanke. A wannan karon wani wuri ta nuna kusa da dutsen niƙan nan, ta zana da'ira da sanda a iska, da'irar da ta ninka ta farko.

Bashari ya ce to madalla, sai a kwashe ƙayar can a dawo da ita nan.

Malam Abdulbasit ya ɗan yi tari. "Inna, can ɗin kin tabbata babu kowa?"

"Ni na ce babu kowa? Gidan su Zinnira ne a can, su ma sun yi rashi a shekarar. Na dai ce ba Innarmu ba ce."

Bashari ya dubi liman. Liman ya dubi carbinsa.

"Ni fa ban ce haramun ba ne, Bashari," in ji shi. "Zato ne, ba yaƙini ba. In zuciyarka ta kwanta, ka noma abinka."

Ai kuwa nan matsalar take. Shekara da shekaru Bashari yana bi ta kan wuraren nan da garma yana waƙa, bai san komai ba, ba abin da ya dame shi. Amma a wajenmu, da zarar an nuna wuri da sanda an ce akwai mutum a ƙasa, an gama. Ko malamai nawa suka halatta, ba mai iya kafa fartanya a wurin, ba kuma matar da za ta tuƙa tuwon hatsin da ya fito daga nan ta ba 'ya'yanta. Bashari ya je ya saro wata ƙayar. Ya yi shuka yana kewaye wurare biyu, kunyoyinsa suka karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

Masara ta kai gwiwa lokacin da ya zo mini Gwarzo da kansa. Bashari ba ya zuwa Gwarzo sai ranar kasuwa ko rasuwa, ranar kuma ba ko ɗaya. Ummu Hani ta kawo masa fura, ya sha, ya ajiye kwanon, ya share gemu.

"Ta ce a sake kai ta."

"Haba dai."

"Lukuman, ni ban yi boko ba, ban san tarihi ba. Abin da na sani, bakuna nawa ne a gidana, kai ma ka sani. Gonar nan in Gwaggo ta ƙara cin wani wurin, hatsin bana ba zai kai mu bazara ba. Kai ka kunno ta. Ka je ka kashe."

Na ce ya bar mini, ai magana ce ta hikima, kuma lallashin mutane aikina ne.

Na sami Gwaggo a ɗakinta da hantsi, ƙafafunta a miƙe sun ɗan kumbura. Na kai mata goro da 'yar sukari. Na fara da nisa, na ce ƙasa duk ta Allah ce, addu'a kuma tana isa ga mamaci ko daga ina aka yi ta.

"Wa'azi ka koma? An kore ka daga makarantar ne?"

"A'a, Gwaggo, cewa na yi wurin da kika nuna na biyu ai ya yi."

"Ya yi wa wa? Riga ce da za a ce ta yi?"

"To Gwaggo, tsakani da Allah, kin ga lokacin da aka sa ta?"

Ta ɓantari goro ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata.

"Ban gani ba," ta ce. "Da ciwon ya tsananta, gidan maƙwabta aka kai ni, ni da ubanku a bayana, kada mu ɗauka. Da aka dawo da mu ɗakin a rufe yake. Na tambaya aka ce ta yi tafiya. Wata mata ce ta nuna mini bayan ɗaki da baki, ta ce kada in riƙa wasa a wurin. Kafin damina ta zagayo mun tashi." Ta gyara zaman ƙafarta da hannu. "Tun ina yarinya nake cewa zan koma in duba. Aka yi mini aure, aka yi haihuwa, aka yi ta yi. Sai da ka zo da tumakinka."

Na shirya maganganu da yawa a kan hanya, masu kyau kuwa, har da misalai. Ba wadda ta fito.

"In an kai ni sau ɗaya tak," ta ce, "ƙafata za ta gane. Idona ne ke ruɗa ni."

Da na fito Bashari yana jira a zaure. Ya dubi fuskata, ya tashi ya nufi turken shanu.

A wannan karon ta ce a sauke ta. Muka riƙe ta ni da Bashari, ta cire takalmi, tana taka ƙasa a hankali tsakanin kunyoyi, masara tana shafar zanenta. Ta wuce dutsen niƙa. Ta wuce kuka mai rami. Ta yi ta tafiya har tsakiyar gonar, inda ƙasa ta fi baƙi, inda masarar ta fi ko'ina duhun ganye, sannan ta zame daga hannunmu ta zauna.

"Inna," ta ce, ba da mu take ba. "Inna, ga ni."

Ta daɗe a zaune tana shafa ƙasa da tafin hannu. Ni dai na san ba ta sani ba, da bakinta ta gaya mini. Na buɗe baki in faɗa, na dubi bayanta yadda ya ranƙwafa, na rufe. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na san abu na yi shiru, kuma shi ne karon da ya kamata in yi magana.

Bashari bai cire masarar wurin ba, bai kuma sake yi mata noma ba. Ya kewaye ta da ƙaya ya bar ta ita da ciyawa su sasanta.

Da damina ta yi tsakiya kumburin ƙafar Gwaggo ya hau har gwiwa. 'Yarta Ladidi, wadda ke aure a Kabo, ta zo da motar haya ta ce za ta tafi da ita kusa da asibiti. Ina wurin ranar. Da aka sa ta a mota ta kamo hannun rigata ta taga.

"Malamin boko, ka dai tuna abin da ka ce."

"Na tuna, Gwaggo."

"Ku dai kuna biye mata," in ji Ladidi tana tura ƙullin kaya ƙarƙashin kujera. "Kun mai da gonar mutum kamar kan mai ƙwarƙwata, nan aski nan gashi."

Ranar da Gwaggo ta rasu ina gadin jarrabawa, wayata tana kashe a aljihu kamar yadda doka ta ce, dokar da ni ne na fi kowa nacin a bi ta. Da na kunna na tarar da kira rututu. Ashe tun da safe Gwaggo ta cika. Na hau babur ana yayyafi na kama hanyar Kabo, ina tafe ina tsara yadda za a yi: mota daga Kabo zuwa Kutama, daga nan amalanke.

A bakin layin su Ladidi na ci karo da mutane suna dawowa, ƙafafunsu duk jar laka, wani yana ɗauke da makara ba kowa a kai.

Na sami mijin Ladidi, Alhaji Mahbub, a ƙofar gida. Na yi masa ta'aziyya, sannan na ce, murya ƙasa-ƙasa, ai ta bar wasiyya.

"Mun sani, Malam Lukuman. Mun yi ta kiranka. Mun kira Bashari ya ce rafinku ya kawo tun asuba, ko shanu ba sa hayewa. Malamai suka ce ba a ajiye ta ana jiran ruwa ya janye. Allah Ya jiƙanta, ta sami jama'a."

Ta sami jama'a kam. Na je na ga kabarin, a ƙarshen layi, kusa da katangar makabarta, ana jin ƙarar injin niƙa daga bayanta.

Bashari bai iso ba sai washegari, wandonsa jiƙe har cinya. Muka zauna a tabarmar makoki kafaɗa da kafaɗa, ana shigowa ana fita, ana Allah Ya ba da haƙuri muna amin. Da mutane suka ɗan tsagaita na matso kusa da kunnensa.

"Yaya, akwai abin da ban gaya maka ba. Gwaggo ba ta ga inda aka sa Innarsu ba. Ita ta faɗa mini. Zato kawai take yi."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Asibi tana bayan ɗaki tana tankaɗe lokacin da kuke maganar." Asibi matarsa ce, kuma ba abin da ke wuce kunnenta a gidan.

"To ai shi ke nan. Ka kwashe ƙayar. Baɗi ka noma gonarka gaba ɗaya."

Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Ba ta ga wurin ba," ya ce. "Amma ai an sa ta a wani wurin. In na kwashe, wanne zan fara kwashewa?"

Wani ya shigo da sallama muka ɗaga hannu muka shafa.

Hatsin bana bai kai su bazara ba, kamar yadda ya faɗa. Ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗar, yanzu haɗa gwiwa yake yi da maƙwabcinsa, kowa da sa ɗaya. Ni kuma in na je, babur ɗina ne ke zuwa da kaya ya koma wayam. Ummu Hani ta ce ko ba komai na koyi ɗaure buhu.

Da wata daminar ta zagayo, wani baƙo mai sayen fatu daga wajen Katsina ya sauka a zauren liman da zazzaɓi, bai tashi ba. Ba wanda ya san danginsa, rafi kuma ya sake kawowa. Mutanen Gidan Datti suka duba suka ga ai ga wuri nan a kewaye, da ƙayarsa da komai. A tsakiyar gonar aka sa shi, daidai inda Gwaggo ta zauna. Bashari ne ya haƙa.